Yadda ake jefa manyan ƙudaje masu nauyi a fatsar kifin bas

Duk wanda ya saba jefa ƙaramin ƙuda, wato ƙugiyar da aka ɗaura wa gashi don ta yaudari kifi, ranar da ya fara ɗaura babba mai idanun dalma sai ya zama kamar bai taɓa riƙe sandar fatsa ba. Zare ya zube a gabansa a cukurkuɗe, ƙuda ya daki sanda, wani lokaci ma ya same shi a ƙeya. Na sha ganin haka a bakin kogunan gabashin Amurka irin su Susquehanna da Potomac, inda ake neman kifin bas mai ƙaramin baki, kuma kusan kullum dabarar da take fara zuwa wa sabon shiga ita ce ya ƙara ƙarfi. Ƙarfin nan kuwa shi yake ƙara dagula jifan.

Dalilin yana cikin yadda wannan fatsa take aiki. A nan zare ne yake da nauyi, shi kake jefawa, ƙuda kuma bin sa kawai yake yi. Da zarar ƙuda ya yi nauyin kansa, sai ya daina bin zare yadda ake so. Idan ka tsayar da sanda a baya, shi ba ya tsayawa. Yana wucewa da gudu har ya kai ƙarshen zare, ya fizge shi, ya dawo, zare ya saki. To a kan sakakken zare kake fara jifan gaba, rabin motsin hannunka ya tafi a banza wajen miƙar da shi.

Manyan ƙudajen bas iri biyu ne, kuma kowanne da tasa matsalar. Akwai masu nauyi da ke nitsewa, babban misalinsu Clouser Minnow, wanda Bob Clouser ya ƙirƙira a 1987 don bas ɗin kogin Susquehanna a jihar Pennsylvania: gashin wutsiyar barewa ne da idanun ƙarfe biyu da ke sa bakin ƙugiya ya kalli sama. Akwai kuma masu girman jiki da ke yawo a saman ruwa suna kwaikwayon kwaɗo, masu kan soso ko curarren gashin barewa. Waɗannan ba su da nauyi sosai, iska ce take tare su. Na gashin zomo kuwa sun haɗa biyun, don da sun sha ruwa sai su yi nauyi kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Fara da gyara kayan

Sanda mai lamba 8, tsawon ƙafa 9. Ni a ganina nan ne maganar ta tsaya. Za ka ji ana cewa lamba 6 ta isa, kuma ta isa ga ƙananan ƙudaje, amma mai koyon jefa manya da lamba 5 ko 6 yana wahalar da kansa ne kawai. Lambar tana nufin nauyin ƙafa 30 na farko na zaren: lamba 5 kusan giram 9 ne, lamba 8 kuma ya haura giram 13 da rabi. Wannan bambancin shi ne yake jan ƙuda ta cikin iska.

Idan kuɗinka bai kai ka sayi komai mai kyau ba, zuba su a zare. Nemi wanda aka yi don bas, mai gajeren kai da aka tara nauyinsa a gaba. Na'urar naɗe zare kuwa kowace iri ta isa, domin bas ba kifin dogon gudu ba ne, yawanci da hannu za ka janyo shi. Wanda ya riga ya mallaki sanda lamba 7 ba sai ya sayi sabuwa ba, ya ɗora mata zare lamba 8, za ta ɗauka.

Sai tsarkiyar nailan da ke tsakanin zare da ƙuda. Nan mutane da yawa suke cutar kansu ba su sani ba. Suna barin doguwa siririya mai ƙafa 9 da suka saba da ita, alhali ba ta da ƙarfin juya babban ƙuda. Gajarta ta zuwa ƙafa 6 ko 7, gindinta ya yi kauri da tauri, bakinta ya iya ɗaukar kilo 5 zuwa 7. Bas ba ya tsoron tsarkiya kamar kifayen ruwa garai-garai, musamman idan yana kwance ƙarƙashin ganyen bado.

Kafin ka yi jifa ko ɗaya, sa tabarau da hula mai faɗin baki, ka kuma matse ƙayar ƙugiya da filaya. Wannan ba shawara ba ce, sharaɗi ne. Ƙugiya mai girman nan da dalma a kanta tana wucewa kusa da fuskarka sau ɗaruruwa a yini, kuma ido ba shi da madadi.

Ɗaga ƙuda daga ruwa

Kada ka fizgo ƙuda daga zurfi. Sauke bakin sanda har ya kusa taɓa ruwa, ka janyo zare da hannun hagu har ya miƙe, ya rage kamar ƙafa 20 zuwa 25 a waje. Sannan ka ɗaga sanda a hankali har ka hango ƙuda ya taso kusa da saman ruwa. Sai a lokacin jifan baya yake farawa. Idan ya nitse sosai, mirgina zaren gaba sau ɗaya a kan ruwa don ya taso da shi, ka ɗauke shi kafin ya sake nitsewa.

Jifan kewaye, inda aikin yake

A jifan da aka saba koyarwa, sanda tana zuwa baya ta tsaya cak, ka jira zare ya miƙe, sannan ta dawo ta hanyar da ta bi. Ana yabon wanda zarensa yake yin siririyar lanƙwasa a iska. Da ƙuda mai nauyi, bin hanya ɗaya zuwa da dawowa shi ne yake sa ƙuda ya ci karo da zare ko da sanda. Dukan dalma a jikin sandar girafait kuwa ba ya nuna kansa nan take. Tabo ne ƙarami da ba ka gani, sai wata rana kana fama da kifi ka ji ta karye a daidai wurin.

Maganin shi ne jifan kewaye, wanda a Amurka ake jingina shi ga ƙasar Beljiyam saboda gwanin jifa Albert Godart, duk da cewa Hans Gebetsroither na Ostiriya ya daɗe yana koyar da shi a kogin Traun. Wanda ya taɓa kaɗa majajjawa a gona yana korar tsuntsaye ya riga ya san sirrinsa: muddin igiya tana ɗaure tana juyawa, dutse yana hannunka, da ta saki ka rasa shi.

Ga mai amfani da hannun dama, ga yadda yake. Karkatar da sanda zuwa gefen dama, rabi tsakanin tsaye da kwance, ko ma ƙasa da haka. Ja ta baya ta wannan gefen, ka fara a hankali kana ƙara sauri. Ƙuda zai wuce nesa da jikinka, ƙasa da bakin sanda. Da sanda ta kai baya, kada ka tsayar da ita. Ci gaba da motsi, ka kewayo da bakinta sama a hankali, kana jin nauyin zare yana jan ta. Idan ta tashi kusan tsaye, sai ka turo ta gaba ta saman kafaɗarka, ka tsayar da ita da ƙarfi a gaba. Bakin sanda ya zana doguwar da'ira ke nan, ya tafi ta ƙasa ya dawo ta sama, ƙuda bai sami damar fizga ba, hanyoyin biyu kuma ba su haɗu ba.

Wurin da ake faɗuwa shi ne kewayowar nan ta baya, kuma ta hanya biyu ake faɗuwa. Wasu hannunsu ya saba da tsayawa, sai su dakata kaɗan ba su sani ba, ƙuda ya faɗi ya taɓa ruwa ko ciyawa a bayansu. Wasu kuma, da suka ji an ce kada a tsaya, sai su yi ta kaɗa sanda da sauri, su fara jifan gaba ƙuda bai gama zuwa baya ba. Za ka ji ƙara kamar ta bulala, wani lokaci ka duba ka ga ƙuda ya tsinke ya tafi. Abin da ake nema yana tsakani: hannu yana tafiya amma a sannu, kuma abin da zai gaya maka lokacin turawa gaba shi ne jan da kake ji a tafin hannunka. Idan ka daina jin jan nan, zare ya saki. Juya kanka ka kalli bayanka yayin da kake koyo, babu kunya a ciki. Ka ga ƙuda da idonka yana kewayowa, ka haɗa abin da ka gani da abin da hannunka yake ji.

Tsawaita tafiyar sanda fiye da yadda ka saba, ka bar lanƙwasar zare ta buɗe. Buɗaɗɗiyar lanƙwasa a nan ba aibi ba ce. Motsin ya fito daga gwiwar hannu da kafaɗa da ɗan juyin ƙugu, wuyan hannu kuma ya dakata sai a ƙarshen turawa. A gaba, nufi sama da inda kake so kaɗan, kamar tsayin kan mutum daga ruwa, domin nauyin ƙuda zai sauko da shi da kansa. Wanda ya nufi ruwa kai tsaye, ƙudansa zai daki ruwa tun tsarkiya ba ta miƙe ba.

Koyi wannan a fili, ba a bakin ruwa ba. Ɗauki tsohon ƙuda mai idanun dalma, ka datse ƙugiyarsa daga inda ta lanƙwashe, ka je inda akwai gajeriyar ciyawa. Da zare a ɗaure ƙarƙashin yatsa, ƙafa 25 kawai, yi ta kewayawa har ka daina jin fizgar nan a baya. Koyo da ƙullin ulu a bakin tsarkiya, kamar yadda ake yi wa masu ƙananan ƙudaje, ba zai koya maka komai a nan ba, tunda nauyin shi ne darasin.

Rage lilo, ka saki zare

Duk lilon da ka ƙara a iska, wato kai zare baya da gaba ba ka saki ba, dama ce ka ba ƙuda ya ɓata maka jifa. Ɗaga, kewaya sau ɗaya, iyaka biyu, ka saki. Kada ka riƙe zare mai tsawo a sama. Kan zare mai nauyi kawai zai kasance a wajen sanda, sauran yana zube a ƙafarka, kan zaren ne zai ja shi idan ka sake.

Fizgar hannun hagu tana taimakawa ƙwarai, wato ka ja zare ƙasa a daidai lokacin da sanda take ƙara sauri, sau ɗaya a baya, sau ɗaya a gaba. Marvin Hedge ne ya fito da ita fili a gasar jifa a 1934. Tana ƙara wa zare gudu ba tare da ka matsa wa kafaɗarka ba. Amma kada ka haɗa koyon ta da koyon kewaye rana ɗaya. Idan ka fara, yi ta doguwa mai santsi, don gajeriyar fizga mai kaifi tana sa zare ya harɗe ya yi ƙulli a tsarkiya.

Bayan ka saki, bar zare ya bi ta cikin zoben babban yatsa da manuniya na hagu. Da ƙuda ya kusa isa, matse shi. Wannan tsayawar ita take juya tsarkiya ta miƙe, ga shi kuma zare yana hannunka tun kafin ƙuda ya sauka, abin da yake da muhimmanci domin bas yakan kai cafka a daidai faɗuwar.

Nisa ba shi ne abin nema ba. Yawancin bas ana kama su ne tsakanin ƙafa 30 zuwa 50, a gindin kututture, gefen dutse ko bakin ciyawa. Matsa kusa.

Iska da saura

Idan iska tana busowa daga damanka, tana turo ƙuda jikinka ne, kada ka yi gardama da ita. Ko dai ka karkatar da bakin sanda ta saman kafaɗar hagu a jifan gaba, ko ka juya wa inda kake nufi baya ka sauke ƙuda da jifan baya. A cikin kwalekwale, tabbatar zarenka ba ya bi ta kan abokin tafiyarka. Jifan kewayen nan dai shi ne zai yi maka aiki idan wata rana ka je kogin Faro a Kamaru neman giwan ruwa, inda ƙudaje da sanduna suka fi waɗannan girma.

Idan ƙuda mai gashin zomo ya sha ruwa ya fi ƙarfinka, matse shi da yatsu, ko ka koma wanda aka ɗaura da zaren roba da ba ya riƙe ruwa. Idan kuma ruwan bai wuce ƙugu ba, sauya zuwa mai ƙananan idanu, ba kullum ake bukatar dalma mai yawa ba. Da kifi ya kama, kada ka ɗaga sanda sama. Bar bakinta yana kallon ruwa, ka ja zare da hannun hagu da ƙarfi sau ɗaya, don ƙugiya mai kauri ba ta shiga bakin bas da lanƙwasar sanda kawai. Sai ka ji nauyinsa sannan ka karkatar da sanda gefe, ka raba shi da ciyawa tun bai shige ciki ba.