Yadda za ka duba ƙuri'ar ɗan majalisa a Amurka kan katin shaida mai hoto a zaɓe

Duk lokacin kamfen sai ka ji ana ta cewa wane ya ƙi dokar nuna katin shaida mai hoto wajen zaɓe, wane kuma ya goya mata baya, kowa na jan ruwa zuwa gonarsa. Dan Allah kar ka tsaya kan tallan talabijin, ƙuri'ar da mutum ya kaɗa a majalisa a rubuce take kuma kyauta ake dubawa.

Da farko ka tabbatar wace majalisa yake. Yawancin dokokin katin nan jihohi ne ke yin su, misali Indiana ta yi tata a 2005, Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da ita a 2008 da alƙalai 6 kan 3, Texas kuma ta yi tata mai lamba SB 14 a 2011. To in ɗan majalisar jiha kake bibiya, shafin majalisar jiharsa za ka shiga, ka sa lambar ƙudurin.

In na tarayya ne, shiga congress.gov ka rubuta lambar ƙudurin, ka danna inda aka sa Actions, nan za ka ga duk ranar da aka yi ƙuri'ar kiran suna. Na majalisar wakilai suna clerk.house.gov, na sanatoci suna senate.gov. Gaban sunan kowa za ka ga Yea wato ya yarda, ko Nay ya ƙi, ko kuma bai kaɗa ba kwata-kwata.

Amma fa a nan mutane ke shan ruɗi, kuma wallahi abin yana damuna. Ganin Yea ko Nay bai isa ba, sai ka karanta a kan ME aka yi ƙuri'ar. Ɗauki ƙudurin SAVE Act, mai lamba H.R. 22 (H.R. na nufin ƙudurin majalisar wakilai), da wakilai suka amince da shi ranar 10 ga Afrilu 2025, ƙuri'a 220 da 208, har da 'yan Democrat 4 a ɓangaren masu yarda. Mutane da yawa suna kiran shi dokar katin zaɓe alhali maganar da ke cikinsa ta kawo takardar shaidar zama ɗan ƙasa ce lokacin rajista, kamar fasfo, daban take da nuna kati a rumfar zaɓe. Haka ƙudurin H.R. 1 na 2021 da ya wuce a majalisar wakilai da ƙuri'a 220 da 210, ƙato ne mai ɗaruruwan shafi, a ciki akwai wurin da ya ce wanda ba shi da kati zai iya sa hannu kan takardar rantsuwa, to ɗan majalisar da ya goyi bayansa ba ka san ko saboda wannan sashen ne ko saboda wani abu can daban ba, sai ka nemo jawabinsa na ranar.

A majalisar dattawa kuma sau da yawa ƙuri'ar da za ka gani ta rufe muhawara ce, mai buƙatar sanatoci 60, ba ta zartar da dokar ba. Wani lokacin ma da murya ake yi, a ce masu yarda su ce eh, to nan babu sunan kowa, kar ka wahalar da kanka.

Ka leƙa jerin waɗanda suka sa hannu suka ɗauki nauyin ƙudurin tun farko, ka duba gyare-gyaren da ɗan majalisar ya kawo ko ya ƙi. In congress.gov ya rikita ka, shafin GovTrack mai bibiyar ƙuri'un majalisa ya fi sauƙin karantawa, sai dai ka koma ka gwada lambobin da na asali kafin ka tura wa kowa a WhatsApp.