Shawara ga Masu Koyon Alamomin Tangaraho

Assalamu alaikum. Matasanmu na ƙauyukan Ringim da ke koyon alamomin Morse da tocila, wato aika haruffa da gajeren haske (ɗigo) da dogon haske (layi), ku fara da kalmar da kuke furtawa kullum, kamar RUWA: R ɗigo-layi-ɗigo ne, U ɗigo-ɗigo-layi, W ɗigo-layi-layi, A kuma ɗigo-layi. A ganina tazara ce ta fi muhimmanci, domin tsawon layi daidai yake da ɗigo 3, tsayawar da ke tsakanin haruffa ma 3 ce, ta tsakanin kalmomi kuwa 7, kuma duk wanda ya yi gaggawa sai haruffansa su cakuɗe. Tsarin ƙasa da ƙasa bai tanadi ɓ, ɗ da ƙ ba, saboda haka ku amince tun da rana cewa b, d da k za su maye gurbinsu.