Kurakuran da aka fi yi wajen hayar mota a manyan biranen bakin teku

Baƙon da ya sauka a birni irin su Istanbul ko Sidni ko Lisbon ko Kef Tawun, ya nufi teburin kamfanin hayar motoci, abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne kada ya yi haɗari a kan titi. Amma yawancin kuɗin da masu haya ke asara yana salwanta ne a lokacin da motar take tsaye, wato sa'ad da ake sa hannu a takarda, da wurin da aka ajiye ta, da ranar mayar da ita. Ragowar matsalolin kuwa teku ne ke haddasa su, domin birnin da ruwa ya tokare ta gefe guda ba ya samun damar buɗe hanyoyi ta ko'ina, sai ya zama dukan motocinsa sun dogara ga gadoji kaɗan da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da titin da ya bi gaɓar ruwa.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar motar tun daga filin jirgin sama, a riƙe ta har ranar tafiya, ba tare da an tambayi kai ko ana bukatarta kowace rana ba. A tsakiyar irin waɗannan birane jirgin ƙasa da jirgin fito sukan riga mota isa, sannan wanda ya ajiye mota a otal yana biyan kuɗin haya da kuɗin ajiya a kan abin da bai mora ba. Gyaran kuwa mai sauƙi ne: a keɓe ranakun da za a fita bayan gari ko a bi gaɓar teku zuwa garuruwan da ke kusa, a yi hayar motar don su kaɗai. Rassan da ke cikin gari sau da yawa ba su da ƙarin harajin da ake ɗora wa na filin jirgi, sai dai sukan rufe da wuri.

Takardu da abin da aka sa wa hannu

Mutane da dama suna zaton lasisin ƙasarsu ya wadatar a ko'ina, wasu kuma suna zaton lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa iri ɗaya ne tak. Akwai wanda ya samo asali daga yarjejeniyar Janeba ta 1949, mai aiki shekara guda, akwai kuma na yarjejeniyar Biyana ta 1968, wanda kan kai shekara uku, kuma ba kowace ƙasa ce ke karɓar duka biyun ba. Japan, alal misali, na 1949 take amincewa da shi, don haka wanda ya isa Tokyo da ɗaya samfurin zai iya komawa masauki ba mota. Wannan takarda fassara ce kawai ta lasisin asali, ba ta aiki sai an haɗa su biyu, kuma a ƙasar da ta ba da lasisin ake yin ta kafin a taso. Sai batun shekaru da kati: kamfanoni da yawa suna ƙara wa direban da bai kai shekara 25 ba kuɗi a kowace rana, suna kuma neman katin bashi mai ɗauke da sunan direban, domin a kansa suke riƙe kuɗin jingina, wanda kan daɗe bai dawo ba ko bayan an mayar da motar. Duk wanda zai taɓa sitiyarin kuma a rubuta sunansa a yarjejeniyar, in ba haka ba inshorar ba ta san da shi ba.

A wajen inshora ne aka fi yin kuskure mai tsada, kuma ta fuska biyu ake yin sa. Wasu suna ganin an rubuta cewa farashin ya haɗa da kariya daga ɓarnar karo, sai su ɗauka ba abin da zai fita daga aljihunsu, alhali irin wannan kariya tana da wani kaso da aka yanka wanda mai haya zai fara biya da kansa kafin kamfani ya ɗauki sauran, kuma kason yakan ninka kuɗin hayar gaba ɗaya. Wasu kuwa gajiyar tafiya da matsin ma'aikacin tebur ke sa su amince da duk abin da aka tallata musu, har su sayi kariyar da katin bankinsu ko inshorar tafiyarsu ta riga ta ba su. Abin da ya kamata shi ne a karanta sharuɗɗan tun a gida, a nemi amsar tambayoyi uku: nawa ne kason mai haya, me aka cire daga kariyar, kuma wane aiki ne ke rushe ta baki ɗaya. Abubuwan da aka saba cirewa su ne tayoyi da gilasai da ƙarƙashin mota da rufinta da makulli, kuma a bakin teku waɗannan ne suka fi fuskantar ɓarna. Farashin da ya fi kowane sauƙi a intanet yawanci shi ne mai kaso mafi girma, domin araha ba ta ado.

Daga nan sai gaggawar karɓar makulli. Sau da yawa motar tana cikin garejin ƙarƙashin ƙasa mai ƙarancin haske, an wanke ta ruwa bai bushe ba, kuma ɗigon ruwa yana ɓoye ƙarzuwa. A kunna fitilar waya a zagaya ta a hankali ana ɗaukar bidiyo, a durƙusa a duba ƙasan bamba ta gaba inda ake gogar dakalin titi, a bi bakin kowane rim da yatsa, a leƙa gilashin gaba ko akwai ɗan tabon tsakuwa wanda zafin rana zai iya mayarwa doguwar tsaga. A ɗauki hoton allon da ke nuna yawan mai da kilomitan da motar ta yi, a buɗe but a ga ko akwai safaya da jak. Duk abin da aka gani a sa ma'aikaci ya rubuta shi a takardar kafin a fita daga harabar, saboda maganar baki cewa ai ba komai ba za ta yi amfani ba ranar da wani ma'aikacin daban ya karɓi motar.

Zaɓen motar kanta ba ya bukatar dogon bayani. Babbar mota wahala ce a tsoffin unguwannin tashar jiragen ruwa masu ƙunci, kuma garejin ƙasa da yawa suna da iyakar tsayi. A Turai motar haya mafi araha galibi mai giyar hannu ce, wanda kuwa zai yi tuƙi a hannun da bai saba ba, kamar hannun hagu da ake bi a Sidni da Singafo da Mumbai da Kef Tawun, gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai canza giya da kanta, ya bar hankalinsa ga shataletale da mahaɗar hanyoyi, inda sabo ke jan mutum zuwa hannun da ba daidai ba.

Gadoji, kyamarori da tarar da ke biyo mutum gida

Baƙo yakan ƙetare gada bai ga shinge ko mai karɓar kuɗi ba, sai ya ɗauka kyauta ce. Gadar Golden Gate ta San Faransisko ta daina karɓar kuɗi a hannu tun 2013, babbar gadar tashar ruwan Sidni tun 2009, tsarin Salik na Dubai kuwa tun da aka fara shi a 2007 ba a tsayawa, na'ura ce ke cire kuɗin motar tana gudu. A Istanbul gadojin da suka haɗa Turai da Asiya, na 1973 da 1988 da 2016, da hanyar da ta bi ƙarƙashin mashigin Bosforus, dukansu da tsarin lantarki na HGS ake biya. Lissafin yana zuwa wa kamfanin haya, shi kuma ya cira daga katin mai haya ya ɗora ladan aikinsa, wani lokaci ma ladan ya fi kuɗin gadar. Saboda haka kafin a bar tebur a tambaya ko akwai na'urar biya a motar, da yadda ake lissafinta: wasu kamfanoni suna cajin kowace rana ta haya da zarar an yi amfani da ita sau ɗaya, wasu kuma ranar da aka bi ta gadar kawai.

Haka batun yake ga yankunan da aka taƙaita shiga. Singafo ta fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari tun 1975, ta mayar da shi na lantarki a 1998, Istokhom ta tabbatar da nata a 2007, Niyu Yok kuma ta fara a Janairun 2025 a kudancin Manhatan. A biranen Italiya irin su Nafoli da Jenowa akwai unguwannin da allon ZTL, wato alamar taƙaita shigar motoci, ke gadinsu, kyamara tana ɗaukar lambar duk motar da ta shiga ba izini, kuma kowace shiga tararta daban, ta yadda mai neman otal da ya zagaya sau uku zai iya samun takardu uku bayan watanni da komawarsa gida. Manhajar taswira ba koyaushe take gargaɗi a kan wannan ba. Idan masaukin yana cikin irin wannan yanki, a tuntuɓe su kafin isowa, domin otal-otal da yawa suna iya shigar da lambar motar baƙonsu a rajista.

Taswirar tana yaudara ta wata fuskar kuma. Wuri biyu da ke kallon juna ta tsallaken ruwa suna iya zama tafiyar sa'a guda a mota, kuma idan gada ɗaya ta cushe babu lungun da za a ratse, sai haƙuri. Dabarar ita ce a ƙetare ruwa da hantsi ko bayan cunkoson yamma ya lafa, a kuma tuna cewa ranakun hutu titin bakin teku yana cika da fita da safe, ya cika da dawowa da la'asar. A cikin doguwar hanyar ƙarƙashin ƙasa waya kan rasa tauraron ɗan adam daidai inda hanya ke rabuwa, don haka a san sunan mafitar tun kafin a shiga.

Ruwa, gishiri da yashi

Wanda bai zauna kusa da teku ba yakan raina ruwan da ya kwanta a titi. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ya kai zurfin santimita 30 yana iya tafiya da yawancin ƙananan motoci, mai santimita 60 kuma ya ɗauki manyansu. Tun kafin a kai nan ma, idan injin ya shaƙi ruwa ta mashigar iska zai ƙwame nan take, kuma sake murza makulli yana lanƙwasa ƙarafan cikinsa, ɓarnar da inshorar haya ba kasafai take biya ba. A birnin bakin teku abin ya fi muni saboda magudanan ruwa cikin teku suke zuba: idan ruwan sama mai ƙarfi ya haɗu da tumbatsar teku, ruwan ba shi da wurin zuwa, sai ya dawo titi. Mumbai ta ga iyakar wannan a ranar 26 ga Yulin 2005, lokacin da aka yi ruwan milimita 944 cikin sa'o'i 24. A Mayami kuwa wasu tituna kan cika da ruwan gishiri rana na haskawa, ba ɗigon ruwan sama ko ɗaya. A yawancin gaɓoɓi teku yana cika sau biyu a yini, kuma cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa, ana kuma buga jadawalinta kowace rana. Idan aka ga ruwa ya rufe dakalin titi, ko ya taru a ƙarƙashin gadar sama, a juya kawai. Mota mai aiki da lantarki da ruwan gishiri ya shiga batirinta tana iya kamawa da wuta ko bayan kwanaki, don haka ba a tayar da ita, kamfani ake kira.

Hawa yashin bakin teku da motar haya kuskure ne da sha'awar hoto ke jawowa. Yarjejeniyoyi da yawa sun hana barin kwalta, yashin da ya yi kama da mai tauri yana nutsar da taya cikin ɗan lokaci, teku kuma ba ya jiran motar janwe. Feshin gishiri yana dushe gilashi, musamman idan ana fuskantar rana mai faɗuwa, saboda haka a tabbata tankin ruwan wanke gilas a cike yake. Cikin hazo a rage gudu a kunna ƙaramar fitila, domin babbar dawo da haske take yi cikin ido.

Wajen ajiye mota, ɓarayi sun san motar haya kuma sun san mai ita ya tafi ruwa ya bar waya da fasfo. Jakar da za a sa a but a sa ta tun kafin a iso, kada a yi hakan a idon jama'a. Biranen gaɓa da yawa a kan tuddai suke, kuma a San Faransisko ana cin tarar wanda bai karkatar da tayoyin gaba ba a gangare: mai fuskantar ƙasa ya juya su zuwa dakalin titi, mai fuskantar sama ya juya su nesa da shi, ya ja burkin hannu. Dokokin gari ma a tambaya, domin juyawa dama a kan jar danja da aka halatta a yawancin Amurka haramun ne a cikin Niyu Yok sai inda allo ya yarda, a tsakiyar Melbon kuma akwai mahaɗun da mai juyawa dama ke jira a layin hagu don bai wa taragon cikin gari hanya.

Ranar mayarwa ana lissafin haya ne da sa'o'i 24 daga lokacin karɓa, jinkirin da cunkoson gada ya jawo yana iya zama kuɗin yini guda cur. Idan sharaɗin shi ne a karɓa cike a mayar cike, a sha mai kusa da wurin a ajiye rasit, a kuma duba murfin tanki a tabbatar ko fetur ne ko dizal, domin launin bututun famfo yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A kakkaɓe yashin da ya taru a kan shimfiɗun ƙafa, don wasu kamfanoni suna cajin wanki na musamman a kansa. Jefa makulli a akwati bayan an tashi aiki yana barin alhakin motar a wuyan mai haya har sai an duba ta washegari, don haka idan babu makawa a sake ɗaukar bidiyo mai nuna wuri da lokaci. Mafi aminci shi ne a tsaya ma'aikaci ya duba ta, ya ba da takardar rufe haya mai nuna cewa babu sabuwar ɓarna, sannan a ci gaba da lura da bayanan katin na wasu watanni saboda kuɗin gadoji da tarar da kan zo a makare.