Yadda Ake Raba Gida da Rina Ba Tare da An Sha Harbi Ba

Duk wanda na ga rina ta kumbura wa fuska a unguwarmu ta Tudun Wada, da rana tsaka ya tunkare ta da sanda. A lokacin, da yawansu suna waje kiwo, su dawo su iske ka. Kuma rina ba zuma ba ce da ke harbi sau ɗaya ƙarinta ya maƙale, ita maimaitawa take yi.

Fara sanin da wa kake faɗa. In gidan laka ne manne a bango, zanzaro ne, da wuya ya yi harbi, kankare shi da wuƙa kawai. Gidan rina kamar takarda yake, da ramuka irin na saƙar zuma, yana rataye a ƙarƙashin kwano ko jikin azara.

Ka shaida wurin tun da rana, aikin kuwa sai bayan sallar asuba, kafin gari ya waye. Duk suna gida, sanyi ya kashe musu jiki, balle da hunturu. Kaɗa Omo cikin hannu biyu a ruwa lita 5, ka ari fanfon feshi wurin maƙwabci manomi, a wanke shi tas. Ta wasu ƙananan ƙofofi a jikinta rina ke numfashi, ruwan sabulu kuwa toshe su yake yi. Ka ga kuɗin maganin gwangwani ya huta.

Sai maganar fitila, inda na sha wuya. Fitilar goshi na ɗaura, wai hannuwana su samu sukuni. Ashe haske suke bi. Feshin farko, uku suka sauka a fatar idona, kwana biyu ina kallon duniya da ido ɗaya. Ɗora tocila a kan turmi can gefe ta haska gidan, kai ka tsaya cikin duhu. Riga mai kauri, ƙafar wando cikin safa, rawani a fuska. Kar ka hau tsani, ba a gudu a kansa. Jiƙa gidan sharkaf, kar ka daina feshin don ka ji sun fara ƙugi.

Masu cinna tsumma da fetur, ban yarda ba, silin ba ya jira.

Da hantsi kakkaɓo gidan, murƙushe shi cikin leda, kankare gindin. Bayan sati ka sake leƙawa. Harbi, a wanke a ɗora ƙanƙara. Amma in leɓe ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi na sarƙewa, a bar jiƙe-jiƙe a nufi asibiti mafi kusa nan take, ko asibitin koyarwa na Shika, Zariya, in nan ne kusa.