Darasi na 7: Auna gonarka kafin ka je sayen taki

To jama'a, yau lissafi za mu yi, amma kar gaban kowa ya faɗi, lissafin gona ne irin wanda kuka saba yi da ka tun kafin ku shigo ajin nan, yau dai a takarda za mu sa shi. Kowa ya ɗauko biro da littafinsa.

In ka tambayi manomi a Giwa ko Hunkuyi girman gonarsa, sai ya ce maka ai tana cin buhun taki huɗu, ko ya ce huɗar yini biyu ce, wani kuma ya ce kadada ɗaya. Ita kadadar nan ita ke rikita mutane, don wani in ya ce kadada eka yake nufi, wani kuma hekta, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Ni kaina na taɓa shan ta. Wata shekara na karɓi hayar gona can hanyar Shika, mai gonar ya rantse mini hekta ce cif, na biya kuɗin hekta na sayo takin hekta, muna gama zubawa sai ga buhu uku da wani abu a ajiye, da muka ja igiya ashe da kaɗan ta wuce rabin hekta. Ban ce cutata ya yi ba, wataƙila shi ma bai taɓa aunawa ba, haka ya gada haka yake faɗa.

Ku rubuta wannan: hekta fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. In ka ninka 100 sau 100 ka samu 10,000, shi ake cewa murabba'in mita 10,000. Eka kuwa 4,000 ce da ɗan ɗoriya.

Awon ba wuya. Ka samu igiya wadda ba ta talewa, ka je wajen magini ko tela ya auna maka mita 10 da tef, ka ƙulla bakinta, kai da ɗanka ku ja tsawo ku ja faɗi kuna ƙirga sau nawa ta kwanta. Wasu da taku suke yi, babban taku ɗaya mita ɗaya, to amma takun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba, ni igiyar na fi yarda da ita. In gonar ba ta miƙe ba, misali gabas mita 50 yamma mita 70, sai ka haɗa su ka raba biyu ka ɗauki 60. In kuma akwai dutse ko suri ko wani kwazazzabo da ba a shukawa, a cire shi daga lissafi, dutse ba ya cin taki.

Yanzu mu ɗauki gonar wani dattijo ɗan ajinmu da muka je muka auna a bayan Bomo. Tsawo mita 50, faɗi mita 60. 50 sau 60 ya ba mu 3,000. Wato in an kasa hekta kashi 10, gonar Baba kashi 3 ce. Da na gaya masa sai ya ce, "Malam, kai dai faɗa mini buhu nawa zan saya, bar ni da kashi-kashin nan." Na ce Baba a yi haƙuri, can muka nufa.

Ku duba jikin buhun kamfa za ku ga an rubuta NPK 15:15:15. Ma'anarsa a cikin kowane kilo 100 na takin akwai kilo 15 na naitirojin mai sa ganye ya yi kore shar, kilo 15 na fosfaras mai taimakon saiwa, da kilo 15 na fotash. Ita yuriya 46 ne a jikinta, wato kilo 46 na naitirojin a kowane kilo 100, babu fosfaras babu fotash. Shawarar da malaman gona suka daɗe suna bayarwa ga masara a ƙasa irin tamu ta Zariya, musamman ingantaccen iri irin SAMMAZ ɗin nan na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, ita ce kowace hekta ta samu kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfaras, 60 na fotash. In aka juya shi zuwa harshen kasuwa, buhu 8 ke nan na kamfa mai kilo 50, wato kilo 400, sai yuriya wajen kilo 130, buhu biyu da rabi da ɗan ƙari. Amma fa a lura, in kamfar 20:10:10 ce lissafin ya canza, buhu 12 ne zai kawo wancan adadin kuma ba sai an ƙara yuriya ba, shi ya sa nake ta nanata muku ku karanta jikin buhu kar ku tsaya ga kalarsa, ai amfanin zuwa ajin ke nan.

To gonar Baba kashi 3 cikin 10 ce. Kilo 400 a raba 10 ya zama 40, a ninka sau 3 ya zama kilo 120, wato buhu biyu da kusan rabi. Yuriya 130 a raba 10 ya zama 13, sau 3 ya zama kilo 39, buhu ɗaya ma sai ya yi ragowa.

Inda aka fi yin ɓarna kuwa wajen zubawa ne, yara su fara da hannu sake, kunyoyin farko su ƙoshi har masara ta ƙone, kafin a kai ƙarshen gona taki ya ƙare sai a dinga ɗan barbaɗawa kamar gishiri a miya. Maganin wannan shi ne a raba takin bisa kunya tun a gida. In tsakanin kunya da kunya santimita 75 ne, faɗin mita 60 zai ba ka kunya 80. Kilo 120 a raba wa kunya 80, kowace ta tashi da kilo ɗaya da rabi na kamfa, yuriya kuma rabin kilo. Ka je wajen mai sikeli sau ɗaya ka auna kilo ɗaya da rabi a wani kwano, ka yi masa alama da ƙusa, shi ke nan, duk kunya kwano ɗaya. Kamfa a sati na farko zuwa na biyu bayan shuka, yuriya a sati na 4 zuwa na 6, ƙasa da danshi, kuma a tona a binne ta, in aka bar ta a sama rana da iska su za su sha kuɗinka.

Saura lissafin kaka. Bara Baba ya samu buhu 9 na masara, maƙwabcinsa mai cikakkiyar hekta ya samu 20 yana ta yi masa dariya a majalisa. Mu gwada. Buhu 9 a kashi 3, kowane kashi ya ba da buhu 3 ke nan, da gonar ta kai kashi 10 da buhu 30 zai ɗauka. In buhun kilo 100 ne, Baba na kan tan 3 a hekta, maƙwabcin na kan tan 2. To wa ya fi wani iya noma? Sai dai a yi ƙirgan bayan masara ta bushe an sussuke an sheƙe, kuma kafin a fitar da zakka da na 'yan uwa da wadda aka kai kasuwar Giwa don biyan 'yan ƙwadago, har wadda yara suka gasa tun tana ɗanya a ɗan ƙiyasta ta, in ba haka ba za ka zalunci gonar a takarda.

Aikin gida: wata gona tsawonta mita 100, faɗinta mita 50. Kashi nawa ce cikin 10 na hekta, buhun kamfa 15:15:15 nawa za ta ci, kuma in ta ba da buhu 14 na masara, nawa ke nan a hekta? Sannan kowa ya auno tasa gonar ya zo mana da lambobin ranar Asabar. Wanda bai da igiya ya biyo ta wajena bayan la'asar, ina da guda biyu, amma a dawo mini da su.