Gyaran baranda da shukar tukunya, daga bazara zuwa damina

Da zarar hazo ya janye, sai ki ga mata sun nufi wurin masu sayar da fulawa a bakin titi, kowace na son ƙofar ɗakinta ta yi kore shar. Ni dai shawarata, 'yar'uwa, ki ɗan dakata da sayayyar. A Kano zafin Afrilu yakan haura digiri 40, kuma tukunyar da ta sha wannan ranar ita ce dai za ta sha marka a Agusta. In tukunya da ƙasarta ba su dace ba, ko wace fulawa kika dasa, ko dai ta ƙone a bazara ko ta ruɓe da damina.

Fara da lura da inda rana take bugun barandarki. Wadda ta kalli gabas ta yi dace, domin hantsi kawai take sha, kusan komai zai rayu a cikinta. Wadda ta kalli yamma kuwa, daga azahar har bayan la'asar wuta take ci, bango da siminti su ɗauki zafi su riƙe har dare. Irin wannan sai shuka mai taurin rai.

Sai tukunya. Ni tukunyar ƙasa nake so fiye da kowace, kuma dalilina shi ne dalilin da ya sa ruwan randa yake sanyi: jikinta na tsattsafo, iska ta busa, saiwa ta samu sanyi. Tsohuwar randar da ta tsage ko tulun da bakinsa ya gutsure, kada ki yar. Baƙar roba ita ce abin gudu a barandar yamma, tana dafa saiwa. In ita kike da ita, ki zura ta cikin babbar tukunyar ƙasa ta yi mata inuwa. Bokitin fenti ma yana yi in an wanke shi tas. Kowace iri ce dai, dole a huda gindinta, rami uku ko huɗu masu faɗin yatsa. Tukunyar ƙasa a hankali ake huda ta da ƙusa, bayan an jiƙa ta, don kada ta dare. Ki ɗora ɗan katanga a kan kowane rami, ya hana ƙasa zuba amma ya bar ruwa ya wuce. Manyan tukwane uku sun fi ƙanana goma, domin ƙaramar tukunya kafin azahar ta bushe ƙayau.

A wajen ƙasa ne nake so ki kashe lokacinki. Kada ki ɗebo ta tsakar gida zalla ki cika, in ta sha ruwa ta bushe sai ta dunƙule, ruwan gobe ya bi ta gefe ya fice bai taɓa saiwa ba. Ki haɗa kashi biyu na ƙasa mai kyau, kashi ɗaya na yashi mai tsakuwa, kashi ɗaya na taki. Takin nan kuwa ruɓaɓɓe nake nufi, wanda ya yi baƙi, yake marmashewa a hannu, ba ya wari. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, ƙone shuka yake yi. Ki jiƙa haɗin kaɗan ki damƙa a tafin hannu: in ya dunƙule, kika taɓa da yatsa ya watse, ya yi. In ya zauna dam, ƙara yashi. Tsofaffin tukwanen da ba ki son zazzagewa, ki kwashe ƙasar sama kamar tsawon yatsa ki zuba sabuwa, sannan ki wanke ƙurar hunturu daga ganyen.

Yanzu ki je kasuwa. Ga barandar yamma, kariya ce kan gaba. Gindinta mai kauri ruwa yake ajiyewa, kuma tsakiyar rani take fidda furenta mai ruwan hoda, lokacin da komai ya yi laushi. Amma ruwan jikinta guba ne, ki sa ta inda hannun yara ba ya kai. Alobera ma tana jurewa, haka bugenbiliya, fulawar nan mai ƙaya wadda ƙarancin ruwa ke ƙara mata fure. Ga ta gabas, ina roƙonki ki bai wa abin amfani wuri: ɗaɗɗoya, na'ana'a, gindin attaruhu ɗaya. Na'ana'a a ware mata tukunyarta, domin yaɗo take ta ƙarƙashin ƙasa ta mamaye maƙwabta. Ɗaɗɗoya kuma a riƙa tsinke kanta kafin ta yi fure, sai ta yi rassa.

Shukar da kika sayo a inuwar bishiya ta tashi. Ki ba ta mako guda a inuwa kafin ki fidda ta rana. Ranar dashe, da yamma ake yi. A yaga ledar da ta zo a ciki da reza, ba a jan shukar ta wuya. Ki rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa, ki ɗora tukunyar a kan bulo biyu, ta rabu da zafin siminti, gara kuma ba ta samu hanya cikin sauƙi ba.

Jeri ba shi da wuya. Dogaye su tsaya gefe da gefen ƙofa, gajeru a gabansu, a bar hanya da wurin shimfiɗa tabarma.

Ban ruwa a bazara da sassafe ne, bayan asuba. Ki zuba a gindi har sai kin ga ya fito ta ƙasa. Yayyafi a sama yaudarar kai ne, saiwar ƙasa tana nan da ƙishinta. Inda ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa, ruwan alwala da na wankin shinkafa sun isa tukwane da dama. Na wanki mai omo kam, a'a.

Da hadari ya fara haɗowa, aikin ya juya. Iskar farkon damina tana kifar da dogayen tukwane, ki matsa da su jikin bango. Ki janye komai daga ƙarƙashin indararo, ruwansa yana haƙe ƙasa ya bar saiwa a fili. Kariya da alobera su koma ƙarƙashin rufi, don su yawan ruwa ne ajalinsu. Farantin da ake sawa a ƙasan tukunya ki cire shi gaba ɗaya, ruwan da ya kwana mako a cikinsa sauro yake ƙyanƙyashewa, a bakin ƙofarki kuma. Kafin ki ƙara wa kowace ruwa, ki tsoma yatsa: in da danshi, ki bar ta.

Ruwan sama yana wanke taki, saboda haka wata-wata ki barbaɗa dunƙule ɗaya a saman kowace tukunya. In kin ga farin ƙwaro mai kama da auduga a hammatar ganye, ki jiƙa ganyen darbejiya ya kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulu ki fesa da yamma. Watan Yuli kuma shi ne lokacin reshe: ki yanki na'ana'a ko ɗaɗɗoya tsawon taƙi, ki zage ganyen ƙasa, ki kafa a ƙasa mai danshi a inuwa, cikin mako biyu za ki ga ya kama.