Yadda Za Ka Fahimci Gwajin PSA Bayan Maganin Kansar Furostat

Bayan an gama magani, gwajin jinin da likita zai fi sa wa ido shi ne PSA, sinadarin da furostat, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ke fitarwa. A takardar za ka ga lamba, gefenta an rubuta ng/mL. Wasu ɗakunan gwaji kan ƙara cewa ƙasa da 4 lafiya lau ne. Kada wannan ya ruɗe ka, na waɗanda ba a yi wa magani ba ne.

Da farko, ka tuna irin maganin da aka yi maka, don da shi ake auna komai.

Idan tiyata aka yi aka cire furostat baki ɗaya, cikin mako 6 zuwa 8 PSA ya kamata ya sauka ƙasa da 0.1. In ya kai 0.2, aka sake gwadawa ya tabbata, likitoci na ɗaukar hakan alamar cutar tana neman dawowa.

Idan kuwa gashi aka yi maka da hasken na'ura mai ƙona ƙwayoyin kansa, wato radiotherapy, furostat na nan, don haka lambar ba za ta koma sifiri ba. Sannu a hankali take sauka, wani lokacin har shekara 2 ko fiye. Ka riƙe mafi ƙanƙantar lambar da ka taɓa samu. Sai sabuwar lamba ta ƙaru da 2 a kanta ake maganar dawowar cutar. Cikin shekaru 2 na farko takan ɗan tashi ta sake sauka da kanta, kuma wannan ne ke hana bayin Allah da dama barci ba gaira ba dalili.

Mai karɓar allurar rage sinadarin maza, irin su Zoladex, ya nemi a duba masa testosteron, wato sinadarin mazan, ana so ya tsaya ƙasa da 50 ng/dL. PSA na hawa alhali testosteron yana ƙasa? To lokacin sauya magani ya yi.

Sannan ka samu ɗan littafi, ka riƙa rubuta rana da lamba, kuma ka lizimci ɗakin gwaji ɗaya, don injina kan bambanta. Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne saurin hawan: lambar da ta ninka cikin wata 3 tana buƙatar gaggawa, wadda ta ɗauki fiye da shekara kuwa da sauƙi. Ka je wurin likitanka da littafin a hannu, ka tambaye shi: "Likita, cikin wata nawa take ninkawa?"